Bangon Zauren Na'Allah Mai Rijiya

Duk wanda ya sha ruwan rijiya tsakanin Gwiwa da Roni, da wuya a ce bai sha gumin Na'Allah ba. Shekara arba'in yana haƙa, kuma yana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna yi wa dariya. Kowace gaba ya nutsa, sai ya cika aljihu da ƙasar wurin. In ya koma gida ya kwaɓa ta, ya shafa a bangon zaurensa, ta can ƙasa a ƙasa, ta sama a sama. Kowace rijiya da layinta: ja, fari, baƙar laka, yashi mai ɓawon katantanwa. Matarsa Batulu ta yi mitar wankin aljihu har ta haƙura.

Bara ɗansa Nafi'u, ɗan acaɓa, ya samu buɗi, ya sauke buhunan siminti a ƙofar gida. Wai zai shafe zauren tas, a huta da kunyar baƙi. Tsoho ya kasa mayar da alherin ɗansa, amma ni maƙwabcinsa na ga yadda yake kallon bangon kamar mai bankwana. Ya ba ni tausayi ƙwarai.

Ana jibi za a fara aiki sai ga autarsa Barira ta zo hutu daga Legas. Aikinta can shi ne ita da abokan aikinta su soka bututu cikin lakar bakin teku, su zaro ta, su gano inda ruwan teku ya taɓa kaiwa a zamanin da. Ta nuna masa hoton wata laka a waya. Ya kawo wayar dab da hanci, ya ɗora farce.

"Nan ruwa ya kwanta ya daɗe. Nan ya janye, ciyawa ta fito. Nan kuma ya dawo da fushi."

Barira ta saki baki. "Baba, wata uku muka yi muna bincike kafin mu faɗi haka!"

"To, ai ku ba ku shiga ramin ba."

Ta juya ta dubi bangon da ta girma tana jingina da shi, idonta ya kawo ruwa. Ta ƙwala wa Nafi'u kira: "Yaya, ka taɓa bangon nan, ni da kai ne!"

Simintin dai a ɗakin girki ya ƙare. Washegari Na'Allah ya sa babbar riga, ya tsaya gaban bangonsa da sanda, Barira na zaune a tabarma tana rubutu. Ya hango ni, bakinsa har kunne.

"Malam, shigo ka zauna, amma ban da surutu. Karatu nake bayarwa."