Tumbin Wada

Idirisa bai taɓa buga ƙwallo da ƙafarsa ba, ko tsani ya hau sai ya huta a tsakiya. Amma duk unguwar Zariya a Maradi Koci ake kiransa, saboda ɗakin gem ɗinsa: tele ɗaya mai ƙeya, benci biyu, da wata tsohuwar na'urar wasan ƙwallo da ake ɗaure murfinta da roba. 'Yan wasan da ke cikinta tuni suka yi ritaya a duniya, wasu har furfura, amma a wurin Idirisa suna nan suna gudu abinsu.

Da Abdulrazak ya buɗe sabon ɗakin gem a Sabon Gari, mai tele kamar ƙofar shago, samari suka watse suka bar Idirisa da ƙudaje. Ya ji tsoro sosai, don ba shi da wata sana'a. Gona kuwa, rabonsa da ita tun yana goye.

A waya ya ga yadda masu wasa ke shiga cikin gem su sauya shi da kansu. Ya duƙufa. Ya kori Turawan da ke cikin wasan kaf, ya zuba ƙungiyar Maradi, da ta Tsibiri, da ta Jiratawa mai koriyar riga wadda nan take aka raɗa wa 'Yan Zogale. Kuma da yake shi Bakatsine ne, tsokanar Gobirawa gado ce a wurinsa, sai ya mai da 'yan Tsibiri gajeru masu nauyin jiki, idan sun tashi gudu sai ka ce an ɗaura musu buhun gero. Golansu kuwa ya sa masa sunan Wada, yayan matarsa Larai, ya ɗora masa tumbi har riga ta kasa rufewa.

Labari ya kai Tsibiri. Gobirawa suka riƙa cika babura suna zuwa ramuwa, a lallasa su, su yi rantsuwa, gobe su dawo. 'Yan Maradi kuma ba sa barin wannan daɗi ya wuce su. Ɗakin ya cika har da masu leƙe ta taga, telen Abdulrazak ta koma tana haska bango.

Ana haka Larai ta ce masa Yaya Wada ya ji labari, kuma zai zo ranar Juma'a. Idirisa, wanda bakinsa ya fi zuciyarsa ƙarfi, ya hango kansa durƙushe a gaban surukai. Ya koma cikin na'ura ya goge tumbin, ya miƙar da 'yan Tsibiri, ya ba su ƙirji da gudun barewa.

Washegari Tsibiri ta yi wa Maradi dukan da ba a taɓa gani ba. Gobirawa suka zaga unguwa da ham ɗin babura, suka tafi gida zuciya fes, kuma tunda sun rama, ba su ga abin dawowa ba. 'Yan Maradi suka ce Koci ya sayar da gari, suka koma Sabon Gari. 'Yan Zogale dama rakiya suke yi.

Ranar Juma'a bayan masallaci Wada ya iso da abokansa, tumbinsa na gaske yana gaba yana buɗe musu hanya. Ya zauna a bencin da ba kowa, ya ce a kunna ya nuna musu kansa. Tun daga Tsibiri yake yi musu alfahari wai ya shiga tele. Idirisa ya kunna. Ga wani siririn saurayi a raga yana tsalle kamar ɗan akuya. Abokan suka duba tele, suka duba Wada, ɗaya ya tambaya ko dai wani Wadan ne.

Wada bai yi dariya ba.

“Mijin Larai, mi na yi maka?” ya ce. “Kakanninmu na zagin naku, naku na ramawa, ba wanda ya taɓa yin hushi. Kai ka tashi ka gyara ni kamar baƙo. In ka hidda ni daga dangi, ka hwaɗa mini.”

Kunya ta kama Idirisa, irin wadda bai ji ba ko ranar da samari suka gudu. Ya ɗauki manet, abin sarrafa wasan, ya shiga wurin gyara, ya fara hura cikin golan a hankali, yana satar kallon surukinsa. Da ya kai girmansa na da, ya tsaya.

“Ƙara,” in ji Wada. “Bakatsine ko tumbi rowa shikai.”