Gemun da Lefteris ya bari

Lefteris direban bas ne. Shekara da shekaru yana jigilar mutane tsakanin garinmu da birnin Volos, har ya ajiye aiki. Ni kuwa, Fotis, gidan gahawa nake da shi a bakin dandali, kuma a teburina na lungu yake zama kullum bayan abincin rana yana kartar poka da abokansa. In ce wasa yake yi ma na yi masa kara, zuwa yake a wanke shi tas. In kartarsa ta yi kyau kunnuwansa su yi jajir, in ta lalace ya hau zagin gwamnati. Ko makaho ya san abin da ke hannunsa.

Wanda ya fi cinye shi Argiris wanzami ne, kumbaronsa, wato wanda ya ɗora masa kambin aure a coci, ya kuma tsaya wa 'yarsa ranar baftisma. Argiris ba ya kallon kowa in yana wasa. Komboloi kawai yake juyawa, carbin nan namu na kashe lokaci, ƙas-ƙas-ƙas, ko yana da karta ko ba shi da ita.

"Kumbare, ja hula ka rufe kunnuwan nan mana," in ji shi. "Daga tsallaken titi ake hango abin da ka riƙe."

Lefteris yakan taya mu dariya, amma abin na cin sa. Da ya samu lokaci, sai ya ɗauki koyon poka kamar mai shirin jarrabawa. Ya kafa ido a waya yana kallon ƙwararru. Ya koyi zubar da muguwar karta tun da wuri, ya koyi jira sai kowa ya yi magana kafin ya buɗe baki. Matarsa Stamatia ta zo sayen burodi ta tsaya a ƙofata tana mita.

"Fotis, me kuke ba shi a nan? Na shiga ɗaki na tarar da shi gaban madubi, ya ɗaure fuska kamar gawa. Wai darasi yake yi!"

Darasin ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kunnuwan ma sun daina ja. Babban abin da ya ɗauko shi ne fuska takan yi ƙarya, hannu ba ya yi. Sai ya daina kallon fuskar kowa, ya koma kallon hannaye.

Ni kuwa akwai abin da na sani game da hannun Argiris. Wata rana ya biyo ni bayan kantar da nake haɗa gahawa ya ce in daina cika masa kofi, rabi ya ishe shi. Na duba, hannunsa na dama yana rawa. Ya ce likita ya ba shi magani, da safe hannun na tsayawa ƙyam har ya gama da masu aski, sai rana ta yi sanyi rawar take dawowa. Saura kaɗan ya cika shekarun fansho, dole shagon ya kai shi can.

"Mutumin da ke ɗora aska a maƙogwaron jama'a, in aka ce hannunsa na rawa, tasa ta ƙare," ya ce. "Ka riƙe mini wannan."

Na riƙe. Shi kuma ya fara barin komboloin a aljihu, don yatsunsa sun daina yi masa biyayya.

Ranar jajiberin sabuwar shekara kowa na karta a wajenmu, wanda ya ci an ce shekarar tasa ce. Tun la'asar gidan gahawa ya cika maƙil, kuma rabin masu zaman a shagon Argiris suke gyaran fuska. Wasa ya yi nisa, kowa ya zubar, saura su biyu. Argiris ya tura duk abin da ke gabansa tsakiyar tebur. Lefteris ya kafa wa hannun Argiris ido, sannan ya ce ya biya, a buɗe karta. Ashe babu komai a kartar Argiris, burga ce kawai. Wuri ya ruɗe da ihu.

Da ma ya kwashe ya zauna. Ina! Shekaru yana haɗiyar zolaya, ranar ta zo masa.

"Kun san yadda na kama shi?" Ya miƙe tsaye. "Kun ji ƙarar komboloi yau? Ya ɓoye shi! Na lura tun watan jiya. In yana ƙarya hannunsa rawa yake yi, kamar ɗan makaranta gaban shugaba."

"Lefteris, zauna, gahawarka na hucewa," na ce daga bayan kanta.

Ko juyowa bai yi ba. Ya cafko wuyan hannun Argiris ya ɗaga sama yana dariya. "Ku duba! Kumbare, wasa ya ƙare ai, tsoron me kuma kake ji?"

Hannun bai tsaya ba. Babu karta a cikinsa, babu burga, yana ta karkarwa a gaban kowa. Dariyar ta mutu. Na ga mai sayar da nama ya kai hannu ya shafa maƙogwaronsa, bai ma san ya yi ba. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har na rasa inda zan sa idona, ga shi ba ni na yi ba.

Argiris ya zare hannunsa a hankali, ya sa kwat ɗinsa.

"Ka iya wasa yanzu, kumbare," ya ce. "Barka da sabuwar shekara." Ya fita.

Bayan hutu, masu zuwa aski wurin Argiris suka fara samun uzuri. Wannan ya ce ya sayi injin aski, wancan ya ce yana da abin yi a Volos, zai gyara a can. Ba wanda ya faɗi dalili. Lefteris kaɗai ya je, ya zauna a kujera, ya ɗaga haɓa ya rufe ido. Argiris ya dube shi.

"Tashi. Ba na aski don a nemi gafara."

Kafin bikin Ista shagon ya rufe, bai kai fanshon ba.

Lefteris bai sake taɓa karta ba. Har yanzu yana zuwa, amma a waje yake zama, ya juya wa teburin lungu baya. Bai kuma sake aski ba, ya ce in ba a wancan shagon ba, babu inda zai je. Gemu ya cika masa fuska fari fat. A wajenmu namiji ba ya barin gemu haka sai an yi masa rasuwa, don haka duk direban da ya sauko daga bas ya gan shi sai ya cire hula ya matso.

"Allah ya ba da haƙuri, Lefteris. Wa ka rasa?"

Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yana nan da ransa."