Yadda Na Mayar Da Rakiyar Kawuna Kasuwa

Edita, a shekarun farko na dawowar mulkin farar hula, lokacin da Abuja ke cika da sababbin gine-gine kuma wayar salula ta fara shiga hannun kowa, ni matashi ne mai sabon aure, ina haya a Lugbe. Ina aiki a sashen talla na wani kamfani da ke sayar wa ma'aikatun gwamnati kwamfutoci da injinan kwafi. Allah ya ba ni baki, kuma na san ya ba ni, har ina taƙama da cewa babu ofishin da zan shiga in fito hannu rabbana. Wanda ya tsaya mini na kai nan shi ne kawuna, ƙanin mahaifiyata, babban ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, wanda ya ɗauko ni daga gida tun ina ƙarami ya sa ni makaranta. Duk Asabar nakan je gaishe shi a Garki. Yana da wata ɗabi'a da ban ga darajarta ba a lokacin: duk girmansa, in na yi sallama zan tafi sai ya zura takalmi ya rako ni har bakin get, hannunsa a kafaɗata. A falo hirar duniya kawai ake yi. A wannan 'yar tafiyar ce yake tambayata abin da ba ya tambaya a gaban mutane, shi ma ya faɗa mini abin da ke ransa.

Rana ɗaya kamfaninmu ya ce zai rage ma'aikata, kuma ina cikin waɗanda aka sallama. Da farko ban damu ba, don gani nake mai baki irina ba ya kwana biyu a gida. Sai ga shi na yi watanni ina zaga Wuse da Maitama da takarduna a hammata, takalmina ya cinye, matata kuma ga ciki. A hankali na lura da wani abu a wajen ganawar ɗaukar aiki. Ba a cika damuwa da abin da na karanta ba, tambayar da ake juyawa ana dawowa kanta ita ce wa na sani a garin nan. Ranar da na ambaci kawuna da ma'aikatarsu a wani kamfanin inshora, sai na ga ogan da ke hamma ya gyara zama. Nan take aka ɗauke ni aikin gwaji, aka yanka mini adadin mutanen da zan kawo, aka ce in na cika za a tabbatar da ni.

Kunya ba ta bar ni na yi wa Kawu maganar a falo ba, don haka na jira sai da ya rako ni. Muna isa bakin get na yi kamar yanzu na tuna, na kawo masa zancen inshorar. Bai tambaye ni komai ba, ya ce in rubuta sunansa, ya kuma haɗa ni da abokansa. Daga ranar na gano wata dabara da na ɗauka basira ce: mutumin da ya rako ka ya riga ya karrama ka, ba zai iya kallon idonka a bakin ƙofarsa ya ce maka a'a ba. Haka na bi abokan Kawu da 'yan garinmu ɗaya bayan ɗaya. In je in ce gaisuwa kawai na zo yi, in sha ruwa, in tambayi iyali, sai an rako ni in buɗe jaka. Da mutanen da na sani suka ƙare, ciniki ya tsaya, kamfanin ya ce ban cika sharaɗi ba, aka sallame ni. Ban gane ba a lokacin cewa jama'ar Kawu aka ɗauka aiki, ni ɗan aike ne kawai.

Daga nan na koma wajen masu sayar da filaye a hanyar filin jirgi, daga can na faɗa wani banki mai neman masu ajiya, ko'ina ban wuce 'yan watanni ba. Kowane gajeren zama yana ƙara ɓata mini ganawa ta gaba, don sai an tambaye ni me ya sa ba na daɗewa a wuri. Ni kuma ba ni da amsar da ta wuce in sake yi musu alkawarin mutanen Kawu, mutanen da na riga na tatsa. Aka fara ƙin ɗaukar wayata. A wajen suna ko ɗaurin aure, ina zama sai na kusa da ni ya tuna yana da uzuri. Matata ta ce mini mutane sun fara tsoron sallamata, na yi mata tsawa na ce da wannan tsoron take cin tuwo. Shi kansa Kawu ya taɓa tambayata cikin raha ko akwai ranar da zan zo masa ba jaka, na yi dariya na wuce zancen.

Wata Asabar ya rako ni yana tafiya a hankali fiye da yadda ya saba. Da muka kai get ya riƙe hannuna, ya kira sunana, yana neman ta inda zai fara. Ni kuwa tsoron kada ya riga ni magana damar ta wuce ya sa na yi sauri na shigo da zancen wani sabon tsarin ajiya. Ya saurare ni har na gama, ya sake hannuna, ya ce in kawo takardun ya sa hannu. Daga ranar bai ƙara rako ni ba, daga kan kujera yake sa mini albarka. Na yanke hukunci cewa guduna yake yi kamar sauran, na yi fushi na ɗauke ƙafa daga gidan. A lokacin na faɗa tallar wasu magungunan ƙarin lafiya na kwalba, kuma duk tsawon watannin nan abin da ya haɗa ni da shi saƙon waya ne guda, shi ma na tallar maganin.

Da asubar wata Laraba babban ɗansa ya kira ni ya ce Kawu ya rasu a asibiti, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda da ban san da ita ba. Bayan an share makoki na tambayi matarsa, wadda ta raine ni kamar ɗan cikinta, dalilin da ya sa aka ɓoye mini. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce ya yi ta cigiyata, amma ita da yara suka ƙi kirana, don sun san zan zo da kwalabe, shi kuma ba zai iya ƙin abin da na miƙa masa ba, zai sha ya bar na likita. Ta ce kumburin ƙafa ne ya hana shi rako ni. Sannan ta ce ranar rakiyar ƙarshe da ƙyar ya sa takalmi, ya ce mata zai faɗa mini sakamakon asibiti a bakin get, don ni yake so in fara ji kafin 'ya'yansa. Da ya dawo ta tambaye shi ko ya faɗa, ya ce yaron yana cikin matsi, a bar shi ya ji da abin da ke gabansa.

Yau ina da ɗan shagona, Allah ya rufa mini asiri, amma wannan maganar ba ta bar ƙirjina ba, kuma ina jin kunyar kaina duk ranar da na bi ta Garki. Ban ce talla haramun ba ce, kuma na san zafin zaman banza ga mai iyali. Sai dai ina roƙon matasa masu neman aiki, in aka fi tambayarku wa kuka sani a kan me kuka iya, ku san abin da ake shirin saya a hannunku. Wanda ya saya don kunya sau ɗaya zai saya, gobe ba za ka same shi ba, ba a matsayin mai ciniki ba, ba a matsayin ɗan'uwa ba. In babba ya taso ya rako ku, ku kama bakinku ku ji abin da ya fito da shi. Ni sau ɗaya na taɓa tafiya tare da Kawu ban ce uffan ba, ranar da muka raka shi makabarta.