Kawu Sahabi Mai Duba Asibitoci

Duk wanda ya san Kawu Sahabi ya san ba ya shiga asibiti ya nemi kujera. Sallama zai yi, ya tuɓe takalmi, ya haye gadon marasa lafiya ya miƙe, hula a kan ƙirji. Jami'i ne fa, wanda ake turowa duba asibitocin kuɗi daga Bodinga har Shagari! Abokan aikinsa ofishin likita suke nufa a ba su lemo, shi kuwa sai ya kwanta tukuna.

"In da kuɗin cizo, ni za su fara gaidawa," haka yake cewa.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, tela a kasuwar Bodinga, kuma a shagona yake sauke labarin kowace tafiya.

Wata rana a Dingyadi gado ya karye da shi, ƙafafu sama. Mai asibitin ya rugo yana salati.

"Sannu Yallaɓai! Kawo hannu."

"Bar ni nan. Ina tunanin mai naƙudar da za ta hau shi baya gare ni."

Bai tashi ba sai da aka kira mai walda.

Ga taurin kai! Wani mai asibiti ya ji Kawu na tafe, ya aiko buhun albasa gida. Inna Kulu, matarsa, ba ta san dawan garin ba, ta ɗebi biyu ta yanka a miya. Kawu ya kai loma baki ke nan ya hango buhu a jingine.

"Kulu, albasar wa ta wagga?"

Da ta faɗa masa sai ya mayar da lomar. Gaya ya ci tuwonsa ranar. Ya sa aka juye miyar a kwano, aka ɗaure bisa buhun, ya kira wani mai Keke ya ce, "Ka ce mashi ga albasatai. Biyu sun dahu."

Amma wanda har yau ake ba da labarinsa shi ne na wani asibiti a wajen Mandera. Kawu ya shiga ya tarar da tukunyar iskar oksijin a tsaye, an goge ta tana ƙyalli. Ya tsaya ya rusuna mata.

"A'a, Hajiya! Ke ma kin iso? Jiya Shagari na baro ki!"

Ashe tukunya ɗaya ce masu asibitocin ke ara wa juna. Duk inda za shi, sai a riga shi kai ta. Ya murɗa bakinta, ko huci babu.

"Allah sarki, tahiya ta ƙare mata numfashi."

Mun sha dariya da ya ba mu labari, shi bai yi ba. Domin a nan ya gano likitan da sunansa ke jikin allo yana can birni, ƙanensa ke duba mutane, da allura guda da ake tafasawa a mayar. Kawu ya rufe wurin. Ofishinsu ba su da ko kwaɗo, sai na garken awakinsa ya ciro ya datse ƙofar. Awakin suka fita suka cinye wa Inna shanyar wake.

Ba a jima ba aka bugo waya daga sama. Aka fasa kwaɗon, aka shafa wa bango sabon fenti, aka sauya suna. Kawu kuma aka ce ya gaji da yawo, aka ba shi tebur a lungu, babu abin yi. Damina ba ta fita ba wata mata ta rasu a asibitin nan, jini ya ƙwace mata bayan haihuwa. Kawu ya je gaisuwa. Mijin, wani manomi, ya ce masa, "Ƙaddara ta, Malam."

Daga can shagona ya zo. Ya zauna ya daɗe yana kallon keken ɗinki.

"Bello, na ruhe, sun buɗe. Mi ar rage in yi?"



Ranar da ciwon ƙirji ya kama shi bayan azahar, muka sa shi a mota. Na ce mu tsaya asibiti mafi kusa.

"Wanga? Magungunansu sun daɗe da mutuwa."

"To na gaba, Kawu."

"Mai gadi ka yin allura."

"Kawu, don Allah!"

"Na san su duka, ɗan nan. Ku wuce Sakkwato."

Ba mu kai ba. Kansa na bisa cinyata, bakinsa na motsi da kalmar shahada.

Asibitin Mandera yana nan, kullum cike, don mutane ba su da wani wurin zuwa. Allah Ya jiƙan Kawu Sahabi, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya jiƙan matar nan da ya kasa tsarewa. Mu da ke kai 'yan uwanmu waɗannan ɗakuna, Allah Ka dube mu.