Yadda na kwance dokin Baba daga turkensa

Baba ba ya iya tafiya mai nisa tun da gwiwoyinsa suka riƙe. Daga ɗaki zuwa zaure yana dogara sanda, amma da zarar ya hau doki sai ka ce ba shi ne tsohon ba. Da dokin yake zuwa masallacin Juma'a, da shi yake cin kasuwar Ibohamane, da shi yake zuwa gaisuwar mutuwa a ƙauyukan da ke bisa tudu. Ba ya sallamar kowa, sai dai a duba turke a ga wayam.

A wata kaka dokin ya fara lalacewa. Haƙarƙarinsa ya fito, gashinsa ya daina sheƙi. In aka zuba masa dawa sai ya ci kaɗan ya tsaya yana cizon haƙora. Abin da ya fi muni, in aka zo ɗaure majayin sirdi sai ya kwantar da kunnuwa ya kai cizo. Ranar da ya kama hannun rigar Baba ya kusa kayar da shi, aka rataye sirdin. Baba ya koma zaman zaure, yana kallon masu wucewa.

Wana, wanda ke zaune gida ɗaya da Baba, ya ce a sayar da dokin tun yana da sauran nama, shi zai riƙa kai tsoho ko'ina a kan motonsa, wato babur.

"Ni ba buhun albasa ba ne da za a ɗora bayan moto," in ji Baba. "In zan tahi wuri sai na roƙi ɗana? Sai na hwaɗa mai inda za ni da abin da zan yi can?"

Maganar ta tsaya mini a rai. Mijina yana ci-rani a Abijan, ni ke riƙe da gidana da 'yar garkar albasarmu a fadama, ba mai hana ni motsi. Na aika aka kira likitan dabbobi daga Madawa. Ya dudduba dokin, ya tambayi yadda ake ciyar da shi. Baba ya ba da amsa da alfahari, domin haka ya gani wurin mahaifinsa: dawa cike da ƙwarya da asuba, wata da magariba, tsakani kuma babu komai, don ciki ya ɗame doki ya yi sauƙin jiki. Ranar hawa ma ko ta asubar ba a ba shi.

Likitan ya ce ba shi da na'urar leƙa cikin doki, amma alamun na gyambon ciki ne. Ya ce cikin doki ba ya daina fitar da ruwa mai tsami, in babu ciyawa a ciki sai ruwan ya ci naman tumbin, hatsi mai yawa kuma ƙara tsamin yake yi. Ya bar magani. Ya ce a rage dawa sosai, kada a bar shi babu abin tauna, harawa tana da kyau, amma abin da ya fi shi ne luzan, ciyawar nan mai ƙananan ganye da masu garka na Agadas ke shukawa. A ba shi kaɗan ma kafin a ɗaura sirdi.

Bayan ya tafi Baba ya ce, "Doki shi wuni shina tauna haki kamar jaki? Ba gidana ba."

Na yi tsammani faɗa ne na baki. Na kawo harawa daga gidana na zuba, na rage dawar. Amma kullum na zo sai in tarar an kwashe harawar an ba awaki, ga ƙwayoyin dawa a ƙasa gaban turke. Baba ne, yana jan ƙafa zuwa rumbu da sandarsa, yana ba dokin da tafin hannunsa. Don ƙauna yake yi, na sani, kuma hakan ya fi ba ni haushi.

Wata safiya na tarar da dokin kwance yana waiwayen cikinsa. Ban yi shawara da kowa ba. Da ya tashi na kwance igiyar.

"Ke, mi kike yi?"

"Gidana za ni da shi, Baba. In ya warke in maido ma."

"In kin hita da shi ƙohwag ga, kak ki koma gaishe ni."

Na fita da shi. Na ratsa tsakiyar gari ina jan ingarma, mata suna leƙowa ta darni, mazan da ke zaune gindin itacen bedi suka bi ni da kallo. Har yau akwai masu kirana da uwar doki.

Luzan ta farko saye na yi, daga wata babbar mota da ta sauko daga arewa ta tsaya a Madawa. Na duba bayan damin na ga kore, na ji daɗi. Da na kwance a gida sai ga kara zalla, ganyen duk ya kakkaɓe a hanya, tsakiyar kuma ta yi fumfuna tana wari. Ko awaki ban ba ba. Daga nan na koyi cusa hannu har cikin dami, in sansana, in murza in ga ko ganye ne ko itace. Abin kirki bai cika isowa wurinmu ba, sai na nemi iri.

Lokacin an riga an dasa albasa. Na tuge fangali huɗu na kusa da rijiya na watsa irin. Maƙwabcina na garka ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallona, ya ce bai taɓa ganin wanda ya cire albasa ya shuka haki da gangan ba. Na ce masa yau ya gani.

Kafin luzan ta isa yanka, harawa da magani suka riƙe dokin. Kullum ina kai wa Baba fura, kullum yana juya fuska bango. Ina ajiyewa in gaishe da bayansa in fito. Abin yana ci mini rai ƙwarai, na yi kuka a hanya ba sau ɗaya ba, amma ban mayar da dokin ba. Da luzan ta fara nuna fure na yanke, na shanya a inuwa don kada ganyen ya zube, na fara haɗa masa da harawa kaɗan kaɗan. Zafi na shigowa haƙarƙarin ya rufe. Na riƙa danna cikinsa da tafin hannu inda majayi ke bi, har ran da bai ko motsa kunne ba.

Na mayar da shi da hantsi, da dami a kaina. Baba yana zaure. Bai dube ni ba, dokin ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya ce wa wana ya sauko da sirdi. Ni kuma na zuba luzan a gaban dokin na tsaya tsakaninsa da sirdin.

"Shi ci tukuna, Baba."

Wana ya ajiye sirdin. Muka tsaya mu uku muna jiran doki ya gama tauna. Sannan Baba ya ja majayin da hannunsa, dokin yana tsaye. Wana ya tallafe shi ya hau.

"Ina za ka, Baba?"

"Ina ruwanki," ya ce. Ita ce maganarsa ta farko gare ni tun ranar da na kwance igiyar.

Ya bi hanyar tudu, mai duwatsu. Sai a lokacin tsoro ya kama ni, tsoho ne da ya yi watanni bai hau ba. Wana ya tura motonsa waje zai bi shi daga nesa. Na riƙe kan moton na ce ya mayar da shi ciki. Na zauna a ƙofar zaure, ban aiki kowa bin sawunsa ba.

Bayan la'asar ya dawo. Har ya rasu bai gaya mini inda ya je ranar ba, ni ma ban sake tambaya ba.