Filastar Oga Habu da hannun Inna

Yau da safe ina tsaka da karin kumallo aka kira ni daga Karaye, wai Oga Habu ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kokon ma kasa ƙarasa shi na yi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne shugabanmu a ɗakin magani a farkon shekarun casa'in, lokacin da na fara aiki. Babur ɗinsa kusan na kowa ne, in ka makara da bacci ma shi zai biyo ya ɗauke ka, yana tafe yana yi maka tsiya.

Ganinmu na ƙarshe a wajen ɗaurin aure ne a Rogo, bara. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ma ka yi furfura? To wa zan aika yanzu?"

Abin da ba zan manta ba shi ne hannun mahaifiyata.

Inna tana Gwangwan, sana'arta ƙuli-ƙuli. Wuyan hannunta ya kumbura har ta kasa ɗaga buta, sai an zuba mata ruwan alwala. Wannan ya fi ciwon ƙona mata rai. Ƙwayar rage kumburi kuma ba ta shanta, tana tayar mata da gyambon ciki.

Lokacin Oga yana karatun digiri na biyu a kan filastar da ake mannawa a fata, magani ya riƙa shiga a hankali. Ya ce sirrin yana cikin danƙon da ake kwaɓa maganin da shi, wanda suke kira folima. Iri biyu yake gwadawa, kuma duk ya raɗa musu suna. Mai narkewa a ruwa kamar ƙaro shi ne Almubazzari, don yana sakin maganin gaba ɗaya. Mai kama da leda shi ne Marowaci, sai ya riƙe ya hana fata.

Bayan ya gwada a hannunsa, malamansa sun amince, muka kai wa Inna filastar Almubazzari. Da muka koma ranar kasuwa sai ta ce wa Oga, "Ɗan nan, abin naka ai ba ya kai la'asar. Ina yin alwalar azahar yake zama kunu."

Na zaci zai ce ta riƙa ɓare ta kafin alwala. Sai ya ce, "Inna, laifina ne. Maganin da bai jure alwala ba, ba na mutanenmu ba ne."

Daga nan ya shiga haɗa danƙon biyu, yana ƙara wannan yana rage wancan. Watanni yana yawo da filasta a wuyan hannu, yana alwala da ita, muna yi masa dariya. Damina ta wuce kafin ya dace da haɗin da ke kwana ya wuni yana aiki.

Ni na manna wa Inna sabuwar filastar da hannuna. Kumburin ya saɓe, ta koma matsar mai, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya sake riƙe mata buta.

Wallahi ina alfahari da na yi aiki a ƙarƙashin mutumin nan.

Allah Ya jiƙan Oga Habu, Ya sa abin da ya yi wa tsofaffinmu ya tarar da shi a kabarinsa. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'arsa ta yau, ya haɗa da Inna.