Ranar da Aka Ga Fuskar Malam Ƙeya

Duk wanda ya yi aji ɗaya a sashen lissafi na jami'ar nan, in ka ce ya kwatanta maka malaminsa, ba zai fara da ido ko hanci ba. Cewa zai yi: "Wuya mai ninki, da wani ɗan tabo a ƙasan hula, ɓangaren hagu." Iyakar abin da ya gani ke nan. Malamin yakan shigo ta ƙaramar ƙofar da ke jikin allo, a kaikaice, ya yi wa allon sallama, ya ciro alli ya kama rubutu. Bayanin ma allon yake yi wa, ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin mara lafiya. In lokaci ya cika ya goge hannu a gaban riga, ya fice ta inda ya shigo. Ɗakin lakcar babba ne, benci hawa-hawa har kusa da silin, fankoki suna ta kuka. Ɗalibai suka raɗa masa Malam Ƙeya, sunan kuwa ya zauna daram.

Matarsa tela ce, ta daɗe da fahimtar lamarin. In za ta yi masa guga, bayan rigar take tsayawa ta gyara tsaf, gaban kuwa ta shafa sau ɗaya ta ninke.

"Ai nan duniya ke gani," in ji ta. "Gaban na alli ne."

Wasu sun ce girman kai ne, wasu sun ce kunya. Duk ba su gano ba. A makonsa na farko da fara koyarwa, yana saurayi, ya shirya wani darasi da yake ji da shi. Ya kai inda lissafin ya fi daɗi, ya juyo yana murmushi don ya ga yadda abin ya shige su, sai idonsa ya faɗa cikin bakin wani ɗalibi a layin gaba. Hamma yake yi, irin mai nuna haƙorin ƙarshe. Hammar ta kama na kusa da shi, ta bi layi, ta hau sama. Malam ya koma ya fuskanci allo, ya ce a ransa allo dai ba ya hamma. Shekaru suka yi ta wucewa bai sake juyowa ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa masu duba ingancin karatu za su kawo wa jami'ar ziyara. Shugabar sashe, wata farfesa mai magana a hankali, ta kafa kwamitin malamai da ɗalibai, wai a zauna tare a gyara koyarwa. A baki abin ya yi kyau. A ciki kuwa so take ta karɓe ajin daga hannun Malam ta ba wani matashin malami mai digirin dakta da ta ɗauko, amma ba ta son a ce ita ta ture dattijo. In ɗalibai suka faɗa da bakinsu, hannunta fes. Har ta tanadar masa wurin zama: ofishin ajiye tsofaffin takardun jarrabawa, ƙarƙashin bene, inda babu taga, babu allo.

Malam ya ji ƙishin-ƙishin. Ajin nan shi ne abin da yake tashi dominsa kowace safiya, ko da bai taɓa kallonsa ba. Sai ya yi abin da ya ba kowa mamaki, ya ce a sa shi cikin kwamitin.

"Kai?" in ji matarsa, ta tsayar da keken ɗinki. "Kai da ko 'yan uwanka suka zo, bayan ƙofa kake zama?"

"Ba ki gane ba. Wanda ke zaune a kwamiti, ba a kawo ƙararsa a gabansa. Za su ji nauyina."

"To Allah ya sa su san kai ne."

Bai kula da maganar ba.

Ranar zaman farko ya riga kowa zuwa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, da farin allo a gefe. Ya zaɓi kujerar da ke jingine da bango. Can sai ga wakilan ɗalibai biyu: wata siririya da ake kira Lauya saboda ba a gama gardama da ita, da wani ƙato da ake kira Makanike don babansa na da gareji. Duk 'yan ajinsa ne, 'yan layin sama.

"Sannu Malam," in ji Lauya. "Daga ofishin inganci kake?"

Malam ya buɗe baki, abin da ya fito bai wuce gyaran murya ba. Suka ɗauka e ya ce.

"Alhamdulillahi, gara da aka turo baƙo," in ji Makanike, ya ja kujera. "Malam, kafin Farfesa ta zo, akwai wani bawan Allah da ke koyar da mu. Ban san ko ka san shi ba."

"Da ka san shi ma ta baya ne," in ji Lauya.

Makanike ya miƙe, ya manna hanci a bango, ya noƙe wuya, ya fara ƙunƙuni yana zana iska da yatsa. Lauya ta kifa kai a tebur tana dariya. Abin da ya fi ƙona wa Malam rai, kwaikwayon ya yi daidai.

"To... bai iya karatun ba ne?" ya tambaya da ƙyar.

"Iyawa?" Lauya ta ɗago. "Wallahi Malam babu mai rubutunsa. Hoton allon muke ɗauka a waya, 'yan wasu sassan har roƙonmu suke. Matsalar, in ka ɓace a tsakiya, ka ɓace ke nan. Ka ɗaga hannu har ya yi tsami, ba mai waiwayo."

"Akwai wanda ya ɗaga hannu a ajin nan," in ji Makanike, "yanzu ya gama, ya yi aure, har yau ba a kira shi ba."

Hannu? Malam bai taɓa kawo hannu a ransa ba. Baki kawai yake hangowa.

"Na ji an ce hamma kuke yi masa," ya ce.

"Hamma ai dole, Malam. Lakcar sassafe ce, ba mu karya ba. Ko wa ya shigo sai mun yi."

Yana cikin juya wannan magana Farfesa ta shigo da fayil a hammata. Ta dubi fuskokinsu, ta gane an riga an fara mata aiki.

"Malam," ta ce cikin taushi, "kai ne mai kyan rubutu. Taimaka ka rubuta mana abin da za mu tattauna."

Jiki ya riga hankali. Ya miƙe, ya ɗauki alƙalamin rubutu a allo, ya juya.

Ɗaliban biyu suka ƙura wa ƙeyarsa ido.

"Innalillahi," in ji Makanike a hankali. "Tabon."

Lauya ta toshe baki da gefen mayafi. Farfesa ta zauna, ta buɗe fayil, ta ce tunda ɗalibai sun faɗi damuwarsu, wataƙila lokaci ya yi da za a hutar da Malam, a ba sabon dakta ajin.

A nan ne lissafin Farfesa ya goce. Kada a ɗauka tausayi ne kaɗai ya motsa Lauya. Maimaita kwas ɗin take yi, kuma ta san labarin daktan: lakca kaɗan yake yi ya ce an gama, allonsa kamar kaji sun yi faɗa a kai, rabin aji kuma su faɗi. Da ta rasa allon Malam, gara ta ci gaba da kallon ƙeyarsa. Kunyar abin da ta faɗa ta ƙara mata ƙarfin baki.

"Ranki ya daɗe," ta ce, "a takardar gayyata cewa aka yi mu gyara tare. Ban ga inda aka ce mu kora tare ba. In baƙin suka tambaye mu me kwamiti ya gyara, me za mu ce?"

Farfesa ta yi murmushin da bai kai ido ba. Ta ce ta ba su zuwa ranar da baƙin za su shiga ajin. In ba a ga canji ba, ofishin ƙasan bene na nan.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Suka shirya da Lauya cewa in ya gama layin farko zai juyo. Ya juyo. Ya ga fuskoki hawa-hawa sun zubo masa ido, allin ya suɓuce, ya ce, "To," ya koma. Ranar ko rubutun sai da ya karkace.

Washegari ya tarar da Makanike tsaye kan kujera yana ɗaure wani abu a gefen allo da sukurdireba. Madubin gefen babbar mota ne, dogo, da hannunsa na ƙarfe.

"Mene ne wannan? Ni tirela ce?"

"A'a Malam, Allah ya ba ka haƙuri. Tirela ai tana juyawa."

Ya so ya ce a cire, sai ya tuna ƙasan bene. Ya fara rubutu, ya kai tsakiya, ya saci kallon madubin. Hannaye. Can sama, can gefe, har da wata a layin gaba da ta tallafe gwiwar hannunta da ɗayan don kada ya gaji. Ya daɗe yana kallo.

"Mai koren mayafi," ya ce wa madubin, da ƙarfi, don yanzu ya ga nisan da muryar za ta je. "Me ya faru?"

Yarinyar ta waiga bayanta tukuna, don ba ta yarda ita ake nufi ba. Ta ce daga layi na uku ta ɓace. Ya duba, ya ga lallai ya tsallake mataki, kuma ya daɗe yana tsallake shi. Ya goge, ya sake.

Haka aka ci gaba. Lauya na tattara masa wuraren da aji ke ɓacewa, shi yana kawo wata hanyar bayani, su gwada su ce ta yi ko ba ta yi ba. Ya ga masu hamma, ya kuma ga suna gamawa su ci gaba da rubutu. Ɗalibai su ma sun gane haɗin gwiwa na da tsada, don madubin ba hannu kaɗai yake nunawa ba.

"Kai na can sama mai cin biskit," in ji Malam, "in ka gama ka zo ka ƙarasa mana wannan."

Aka yi kwanaki ana hararar Makanike da ya kawo madubin.

Ranar da baƙin suka zo, Farfesa ce ta shigo da su, tana nuna madubin tana cewa wani sabon tsari ne da ta daɗe tana tunani a kai. Suka zauna a layin gaba. Malam ya fara. Ana tsaka da darasi, ƙusar da girgizar fanka ta daɗe tana sassautawa ta saki, madubin ya ɗaga kai ya koma kallon silin. Malam ya duba, bai ga komai ba sai fanka.

Ya ƙara layi ɗaya. Ya ƙara rabi. Da can da ya wuce abinsa har ƙarshe. Yanzu kuwa ƙeyarsa ƙaiƙayi take, ya san wurin nan ne ake ɓacewa, ya san akwai hannu a sama, bai san na wa ba. Ya ajiye alli, ya juyo gaba ɗaya.

Abin da ya fara gani bakin babban baƙon ne, a buɗe, yana hamma mai faɗi. Malam ya tsaya yana kallonsa har ya rufe.

"Sannu," ya ce masa. "Ba ku karya ba, ko?" Sannan ya ɗaga kai. "Lauya, ina jin ki."

Lauya ta miƙe, hannunta a sama, ta ce wallahi ta manta tambayar. Ajin ya kwashe da dariya, har da baƙin. Wani ya tuna mata, Malam ya amsa yana kallon su.

Baƙin sun yaba wa sashen, Farfesa ta karɓi yabon da hannu biyu, ofishin ƙasan bene kuma ya ci gaba da zama da ɓerayensa. Sunan bai canja ba, sababbin ɗalibai ma Malam Ƙeya suke cewa ba su san dalili ba. Wadda abin ya dama ita ce matarsa.

"Yanzu gaba da baya zan riƙa gogewa," ta ce tana jan wayar dutsen guga. "Wannan kwamitin naku, wa ya tambaye ni?"